Shekara tara shugaba ɗaya: mu sa wa'adi ko mu bar kaza cikin gashinta?

Sakataren Dole:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata matsala ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni sanin harkar ƙungiya. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Muna da ƙungiyar sa-kai ta taimakon al'umma. Muna ziyartar marasa lafiya, muna shirya bayar da gudummawar jini, muna saya wa yaran marasa hali littattafai, lokaci-lokaci kuma mu fita kwashe shara. Ba mai albashi a cikinmu. Mutum bakwai suka kafa ta shekara tara da suka wuce. Yau sunayen da ke cikin rajista sun kai 60, amma ranar taro in mun yi yawa mu kai 15.

Tun ranar farko mutum ɗaya ne shugaba, ba a taɓa yin zaɓe ba. Kafin wani ya yi masa mummunan zato, wallahi mutumin kirki ne. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya, motarsa ce motar ƙungiya, kuma sau da yawa daga aljihunsa yake cike giɓi. Sai dai komai a hannunsa yake. Kuɗin wata da gudummawar jama'a asusunsa na banki suke shiga, domin haka aka fara tun muna 'yan kaɗan. Muna da ma'aji, amma na suna ne. Taron kwamiti kuwa ya zama wurin jin sanarwa: ya riga ya yanke, mu ce to.

Na zauna na rubuta daftarin tsarin mulki, na sa wa'adin shekara biyu, sau biyu kacal. Wata uku ke nan yana cikin jakata na kasa fito da shi, ina tsoron a ce na yi butulci. In fito da shi, ko in yi shiru?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Shekara tara ba zaɓe? Yaya Sakatare, ƙungiya kuka kafa ko masarauta? Fito da takardar nan tun kafin a fara maganar yarima.

Dattijon Zaure:
Kai Ɗan Auta, sassauta harshe. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Malam Sakatare, na shafe fiye da shekara talatin ina shiga ƙungiyoyi ina fita. Abin da ya fi wuyar samu a aikin sa-kai ba kuɗi ba ne, mutum ne wanda za a kira da tsakar dare ya taso bai yi tsaki ba. Kun samu irinsa, kuna neman ku sa masa ranar sallama. Da me za ku maye gurbinsa? Da takarda?

Na ga ƙungiyar da ke zaune lafiya, aka ce sai an yi zaɓe. Mutum biyu suka fito, aka rabu gida biyu, wanda ya faɗi ya kwashi mutanensa ya kafa tasa. Yau duka biyun ba su. A siyasa wanda ya faɗi yana jiran zagaye na gaba saboda akwai abin samu. A nan me zai jira? Fushi kawai zai yi ya zauna a gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malama Mai Lissafi:
Baba Dattijo, a gafarce ni, zan ajiye maganar wa'adi tukuna. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya. Wannan ba ya jiran muhawara.

Ba fata nake ba, amma rai a hannun Allah yake. In shugabanku ya faɗi gobe, a idon banki duk abin da ke cikin asusun nan nasa ne, daga shi sai magadansa. Da wace takarda za ku tunkari iyalinsa cikin makoki ku ce kashi kaza na marasa lafiya ne? Ko ku yi shiru kuɗin amana ya salwanta, ko ku yi magana a ce kun zo cin dukiyar marayu. Duka biyun ba daɗi.

Abin yi a sarari yake. Asusu da sunan ƙungiya. Mutum uku masu ikon sa hannu, ba a fitar da komai sai biyu sun sa. Wanda ya amince a kashe daban, wanda ya fitar daban. Kowane saye da rasit. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taron wata, ko da layi biyar ne, ya nuna takardar bayanin banki kowa ya gani da idonsa. Ƙarshen shekara a zaɓi mambobi biyu da ba sa cikin kwamitin zartarwa su duba littattafan.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta Lions, wata ƙungiyar taimakon al'umma ta duniya, da nake sha'awa: suna raba kuɗi gida biyu. Kuɗin da mambobi ke biya shi ke tafiyar da ƙungiya, taro da takardu da sauransu. Kuɗin da aka tara daga hannun jama'a kuwa dole jama'a ya koma wa, ba a taɓa shi don hidimar ƙungiya. Ku in na tambaye ku nawa ne na littattafan yara, nawa ne na kujerun taro, za ku iya rabewa?

Sakataren Dole:
Ba za mu iya ba, Malama. Amma na rantse abin da yake zubawa ya fi abin da ke shigowa.

Malama Mai Lissafi:
Na yarda da rantsuwarka, ƙanena. To nawa ne? Kai ba ka sani ba, ma'aji bai sani ba, shi kansa in ka tambaye shi bai sani ba. Littafin kuɗi mai gaskiya ya fi karewa. Ranar da wani ya fusata ya ce an ci kuɗi, shugabanku ba shi da abin nunawa sai rantsuwa irin taka.

Tsohon Ɗan Rotary:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa. Bari in faɗi yadda na ga ana yi a Rotary, ita ma ƙungiyar taimakon al'umma ce ta duniya, ba don in ce ku kwafa ba, sai don Baba Dattijo ya tambayi da me za a maye gurbin mutumin kirki.

Shekarar Rotary tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Shugaban kulob, wato reshe, shekara ɗaya yake yi. Haka gwamnan gunduma mai kula da rassan yanki guda, haka shugaban duniya baki ɗaya. Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na farko da ya riƙe shugabancin Rotary ta duniya, daga 2003 zuwa 2004 ya yi, ya sauka kamar kowa. Amma sirrin ba a gajeren wa'adin yake ba. Ana zaɓen shugaban kulob tun saura wata 18 zuwa shekara biyu ya hau. Shekarar da ke gabanin hawansa yana matsayin mai jiran gado, yana zama a kwamitin gudanarwa, yana zuwa taron horaswa na musamman da ake yi wa masu jiran gado. In ya gama shekararsa kuma ba a sallame shi ba, yana sake zama a kwamiti a matsayin shugaban da ya sauka. Kun ga a teburi ɗaya akwai na jiya, da na yau, da na gobe. Ba a wayi gari an damƙa wa baƙo linzami ba.

Wani abu kuma. Paul Harris, lauyan da ya tara abokansa uku a Shikago ranar 23 ga Fabrairun 1905 aka kafa Rotary, ba shi ne shugaban kulob ɗin na farko ba. Silvester Schiele ne. Harris sai a 1907 ya hau, shi ne na uku. Sunan ƙungiyar ma daga karɓa-karɓa ya samo asali, don a farko ofis-ofis na mambobi ake zagayawa da taron.

Baba, amsar tambayarka ita ce ba a maye gurbin mutumin kirki da takarda. Takardar tana tilasta masa ya rena wani ne tun yana kan kujera. Shekara tara shugaban su Malam Sakatare yana ɗauke da kaya, wa ya koya wa ɗauka?

Dattijon Zaure:
Alhaji, na ji, kuma na ƙaru. Sai dai kana maganar ƙungiya mai ofisoshi da ma'aikata da littattafan horaswa. Su Malam Sakatare mutum 15 ne ke zuwa taro. In ana canza shugaba duk shekara, kafin shekara biyar an gama da masu iyawa an shiga masu neman suna. Ba kowane mai zuciyar taimako ne zai iya riƙe mutane ba. Wani in ka ba shi aiki zai yi kamar jaki, in ka ba shi kujera ya watsa taro.

Tsohon Ɗan Rotary:
Gaskiya ne, shi ya sa ban ce shekara ɗaya dole ba. Shekara biyun da ya rubuta ta yi daidai da ƙaramar ƙungiya. Su kansu Rotary sun bar ƙofa: in ba a samu magaji ba, shugaba na iya zarcewa, amma ba fiye da shekara guda ba. Sai dai ka juya lissafin, Baba. Mutum 60 ne a rajista. Ina 45? Ka tabbata ba su daina zuwa ba ne don sun gane ba abin da zuwansu ke canzawa?

Mai Tone-tone:
Tunda an shiga tarihi, bari in ɗan taimaki Baba Dattijo, kada a yi masa taron dangi. A Rotary ɗin nan, Chesley Perry ya riƙe sakatare daga 1910 har 1942, shekara 32 cur. A Lions kuma, Melvin Jones da ya kafa ta a 1917, a babban taronsu na farko a Dallas likita William Woods aka zaɓa shugaba, shi Jones ya zama sakatare, kuma yana tsakiyar harkar ƙungiyar har rasuwarsa a 1961. Ke nan daɗewa ba laifi ba ce, manyan ma da masu daɗewa aka gina su.

Tsohon Ɗan Rotary:
Madalla da wannan tono. Amma duba kujerar da suka daɗe a kai. Ta aiki ce, ba ta yanke hukunci ba. A samansu akwai shugaba da kwamiti da ake sabuntawa, masu ikon ce musu a'a. Matsalar su Malam Sakatare ita ce wanda ya daɗe shi ne mai yanke hukunci, shi ne mai riƙe kuɗi, shi ne kuma mai jagorantar taron da ya kamata ya tambaye shi.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Ina ta sauraro. Malam Sakatare, tambaya ɗaya gare ni, kada ka ji haushi. Kai shekararka nawa a kujerar sakatare?

Sakataren Dole:
Bakwai, Hajiya.

Ɗan Auta:
Innalillahi! Ashe waziri ne ya kawo ƙarar sarki.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Laifi tudu ne, ɗana. A daftarin naka wa'adin ya shafi sakatare, ko shugaba kaɗai?

Sakataren Dole:
Na buɗe na duba yanzu. Shugaba da mataimaki kawai na rubuta. Wallahi ban yi da niyya ba, ban ma kawo kaina a lissafi ba. Ni a ganina wahala nake sha, ba mulki nake yi ba.

Hajiya Uwar Ɗaki:
To shi ma shugabanka haka yake ganin kansa. Riƙe wannan da kyau, da shi za ka iya yi masa magana ba tare da ka ci masa fuska ba.

Tunda na samu fili, bari in ƙara nawa. A ƙungiyoyin da na zauna, in aka zo ziyarar asibiti mata ne, haɗa kaya mata ne, bin mambobi su biya kuɗin wata mata ne. In aka zo rabon muƙamai sai a ƙirƙiro kujera ɗaya a ce shugabar mata, a ajiye mu a kai, sauran kujeru tara na maza. Na riƙe wannan kujera shekara huɗu, ban taɓa ganin takardar banki ba. Malam Sakatare, in za ka gyara, kada ka rubuta tsarin da zai sauya fuskoki ya bar wannan yadda yake. A buɗe ma'aji da sakatare da shugaba ga duk mamba mai biyan kuɗinsa mai zuwa aiki.

Barista Mai Shiru:
Hajiya ta taɓo wurin da manyan ƙungiyoyin ma sai da aka kai su kotu. Wani kulob na Rotary a garin Duarte na jihar Kalifoniya ya karɓi mata a 1977, uwar ƙungiya ta soke rajistarsa. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke a watan Mayun 1987 cewa ba za a hana mata shiga ba. A 1989 majalisar dokokin Rotary ta gyara kundinta ga duniya baki ɗaya. Duk da haka sai a 2022 mace ta fara zama shugabar duniya, Jennifer Jones 'yar Kanada. Shekara 33 tsakanin gyara takarda da hawa kujera. Na kawo wannan ne don kada Malam Sakatare ya ɗauka da an amince da daftari an gama.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin takardu. Kada ka shiga taro ka zaro daftari daga jaka kamar mai zaro wuƙa. Tsarin mulkin da mutum ɗaya ya rubuta a ɓoye, ko da kowane layi nasa daidai ne, sunansa makirci. Ka nemi taro ya kafa kwamitin mutum uku ko biyar na rubuta tsarin mulki, a sa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, a sa mace, a sa matashi. Naka daftarin ya shiga hannunsu a matsayin shawara.

In sun gama, a aika wa duk mutum 60 ɗin kwafi da sanarwar ranar taro, makonni kafin ranar. A rubuta adadin da dole su halarta kafin hukunci ya ɗaure kowa. A samfurin dokokin kulob na Rotary kashi ɗaya cikin uku na mambobi ne, gyaran doka kuma sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A wurinku kashi ɗaya cikin uku mutum 20 ke nan, kun ga ma taronku na yanzu bai kai ba. Don haka sai kun fara tantance waye mamba: wanda ya shekara uku bai zo ba bai biya ba, yana da ƙuri'a? In ba ku warware wannan ba, ranar zaɓe za ku ga fuskokin da kuka manta da su, an kwaso su a mota.

Wa'adi kuma ya fara ƙirga daga ranar da aka amince da kundin, kada a waiwaya baya. Zaɓe a yi shi a asirce, a takarda, don ɗaga hannu a gaban mutumin da ya taɓa kai mahaifiyarka asibiti ba zaɓe ba ne. Wanda ke takara ba ya jagorantar zaman zaɓen. A rubuta yadda ake tsige mai muƙami tun yanzu da ba a fushi da kowa, tare da ba shi damar kare kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Auta:
Barista, yau ka karya sunanka.

Barista Mai Shiru:
Na ƙara ɗaya in koma shiruna. Jagorantar taro ma koyonsa ake yi. Henry Robert, injiniyan sojan Amurka, an taɓa sa shi ya jagoranci wani taron jama'a ya rasa yadda zai yi, ya ji kunya. Wannan kunyar ce ta sa ya fitar da littafin ƙa'idojin taro a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau. Daga cikin abin da ke ciki: batu ɗaya a lokaci ɗaya, wani ya gabatar wani ya mara baya, masu rinjaye su yanke amma sai an saurari marasa rinjaye, kuma a babban taro mai jagoranci ba ya tsunduma cikin gardama yana kan kujera. Shugaban da ya fara faɗin ra'ayinsa kafin kowa ya rufe taron, ko da an ƙara awa biyu ana zaune.

Ɗan Auta:
To bari in ajiye wasa in faɗi nawa, tunda Alhaji ya tambayi ina 45. Ni ɗaya ne daga cikin irinsu, a wata ƙungiyar daban. Na shekara biyu ina ɗaukar kujeru da ɗaukar hoto. Wata rana na kawo shawarar mu riƙa rubuta sunayen masu ba da jini da rukunin jininsu a kwamfuta, don in buƙata ta taso kada a yi ta kiraye-kiraye. Na kwana uku ina shirya bayanin. Shugaba ya ce shawara ce mai kyau, za a duba. Wata shida ba labari. Da na tuna masa, sai ya ce manya sun riga sun tattauna. Su waye manyan, yaushe suka zauna, ba wanda ya sani, don ba a rubuta rahoton taro.

Ban yi faɗa da kowa ba. Ban rubuta takardar murabus ba. Na daina zuwa ne kawai, kuma har yau in mun haɗu muna gaisawa da fara'a. Baba Dattijo yana tsoron wanda zai faɗi zaɓe ya yi fushi ya tafi, wannan ana ganinsa. Mu masu zamewa ɗaya-ɗaya ba mai ƙirga mu.

Mai Tone-tone:
Abin nan ba sabo ba ne. Robert Michels, masanin zamantakewa haifaffen Jamus, ya rubuta tun 1911 cewa duk ƙungiyar da ta girma, komai son daidaitonta, ƙarshenta 'yan tsiraru ke riƙe ta, domin su ke da bayanai da lokaci da sanin hanya, sauran kuma sun gaji sun bar musu. Jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu na Turai ya nazarta, musamman ta Jamus, amma kamar yana zaune a taron su Malam Sakatare. Ba sai shugaba ya zama mugu ba. Ya isa a ce shi kaɗai ke da lambar kowa.

Dattijon Zaure:
Ɗan Auta, maganarka ta shige ni. Ina jin na taɓa zama irin shugaban da ka faɗa, Allah ya yafe mana. Ban janye tsorona kan zaɓe ba, na ga abin da na gani. Amma na yarda shiru ma yana da nasa hasarar.

Malam Sakatare, in za ka yi, ga abin da takardun Barista ba za su koya maka ba. Kada mutumin nan ya fara jin maganar a bainar jama'a. Ka ɗauki mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ku same shi shi kaɗai. Kada ka fara da wa'adi. Fara da cewa kayan sun yi masa yawa, kuma kai ma ka gaji, kana so ka sauka. Sa kanka a gaba. In Allah ya taimake ka, shi da bakinsa zai gabatar da maganar a taro, ta zama tasa. Mutumin da ya ba da shekara tara ba kujerar yake tsoron rasawa ba, tsoro yake a wayi gari ya shigo taro ba wanda ya san inda zai zaunar da shi. Ku tanadar masa wuri: uban ƙungiya, ko shugaban kwamitin amintattu.

Malama Mai Lissafi:
Na yarda, Baba, da sharaɗi ɗaya: uban ƙungiya ba ya sa hannu a cak. Na ga inda aka yi haka, sabon shugaba ya zama ɗan aike, kowa na zagayawa ta bayan gida wurin tsohon. A rubuta abin da amintattu ke yi: riƙe kadarori, sasanta rikici, kiran taron gaggawa in kwamiti ya gaza. A rubuta kuma abin da ba sa yi.

Dattijon Zaure:
'Yata, ke dai ba kya barin cak ya huta.

Malama Mai Lissafi:
Shi ne ba ya barin mutane su huta, Baba.

Mai Tone-tone:
Kafin a tashi, shawara ga kwamitin rubutu: ku duba muƙaman Lions ku sha dariya. Suna da wanda sunan muƙaminsa ke nufin mai horar da zaki, aikinsa kula da kayan kulob, tuta da ƙararrawa da gudumar taro. Suna da kuma mai murɗa wutsiya, wanda aikinsa raha ne da cin mambobi 'yar ƙaramar tara cikin wasa, shi kuwa ba a cin sa tara sai duk mahalarta sun yarda baki ɗaya. Ina ba da sunan Ɗan Auta.

Ɗan Auta:
Na karɓa, wa'adina kuma shekara tara.

Sakataren Dole:
Jama'a, na dawo da labari bayan mako uku, kamar yadda ya kamata.

Mun same shi ni da ɗaya daga cikin mutum bakwai na farko. Na bi shawarar Baba, na fara da kaina. Maganar asusu ko gardama bai yi ba, cewa ya yi ya daɗe yana so a raba shi da wannan kaya, kunya ce ta hana shi faɗa kada a ce ya gaji da mu. Mun kwana biyu da shi da ma'aji muna bin bayanan banki na shekara uku, iya abin da muka iya samu. Malama, ƙungiya ce ke riƙe da bashinsa, ba kaɗan ba. Ya ce ya yafe, ma'aji ya ce sai dai a rubuta shi a matsayin gudummawa, aka rubuta.

Da muka zo kan wa'adi sai ya yi shiru mai tsawo. Ya tambaye ni ko wani abu ya yi. Na ce a'a. Ya ce to me ya sa yanzu. Ban samu amsa mai kyau ba, na dai ba shi labarin Ɗan Auta ba tare da suna ba. Bai ce komai ba muka rabu, kuma kwana huɗu bai ɗauki wayata ba.

Ranar taro shi ya gabatar da batun kwamitin tsarin mulki, amma a gajarce, bai kalli inda nake ba. Ya ce zai ƙara shekara ɗaya tare da mai jiran gado, daga nan ya sauka. Mutum 23 suka zo, don na kira mutane ɗaya-ɗaya. An kafa kwamitin mutum biyar, biyu mata. Gaisuwarmu da shi har yanzu ba ta koma yadda take ba.

Sabuwar matsala: na sanar zan sauka, ba wanda ya nuna sha'awar kujerata. Wata matashiya ta ce za ta gwada in zan zauna da ita wata shida. Da na zo haɗa abin da zan miƙa mata, sai na tarar rabin tarihin ƙungiyar a wayata yake, sauran a kaina. Rahoton taro na ƙarshe da na rubuta cikakke ya shekara biyu. Daga ina ake fara miƙa irin wannan?

Malama Mai Lissafi:
Daga rajistar mambobi. Suna, lamba, ranar shiga, matsayin biyan kuɗi. Bayan ta sai jerin duk wanda ƙungiya ke hulɗa da shi da sunan mamban da ya san shi. Ku buɗe adireshin imel na ƙungiya, a zuba komai a can, mutum biyu su riƙe kalmar sirri. Rahoton taron da ya wuce kuma ita za ta rubuta, kai ka duba mata, ba kai za ka rubuta ta duba ba.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Kuma ka koma wurin shugabanka, ba da takarda ba. In motarsa za ta fita ziyarar asibiti ranar Asabar, ka riga kowa shiga.